Ɗana, ka raba motar nan da busasshen tsumma

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ya aiki ya ɗawainiya. Mamanka na gaishe ka, wai ta ce in daina damunka da zancen mota tunda ba ni na saya maka ba, ni kuma na ce mata gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan, ranar da ka zo mana da motar na leƙo da safe sai na ganka da wani tsohon tsumma busasshe kana ta goge bonet har da fito, ƙura na tashi. Ban yi magana ba saboda akwai baƙi kuma ka wuce a yi maka faɗa gaban mutane, amma wallahi ji na yi kamar fatar jikina kake gurzawa. Ƙurar nan da kake gani kamar hoda ba laushi gare ta ba fa, yashi ne ƙanana ƙanana, kuma yashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba, to in ka ɗora tsumma a kai ka ja ai sanfefa ka yi wa motarka da hannunka. In kana musu ka fitar da ita da rana tsaka ka dubi inda hasken rana ya sauka a kan bonet, za ka ga wasu siraran layuka sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Ba daga kamfani ta zo da su ba, aikin tsumma ne. Baƙar mota irin taka kuwa ba ta rufa wa mai ita asiri, duk abin da ka yi mata sai ta nuna.

Ka san fentin mota hawa hawa ne. Akwai na ƙasa wanda ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai kalar da kake gani, sai kuma wani na sama garai-garai kamar ruwa da masu fenti ke ce wa kiliya, shi ne mai sheƙin kuma shi ke tare wa kalar zafin rana. Duka hawan nan in ka haɗa su kaurinsu bai fi na takarda ɗaya da ɗan wani abu ba, shi kiliyar kaɗai wajen maikiron 40 zuwa 50 ne, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaga ko gashin kanka ya fi shi kauri. Kuma ba fata ba ce da za ta sake tofowa, abin da ya tafi ya tafi. Motocin da kake gani rufinsu da bonet sun yi fari fari suna ɗayewa kamar maciji na saɓa, kiliyar ce ta mutu, daga nan babu man da zai dawo da ita sai dai a kai wa mai fenti ya kankare ya sake fesawa.

Ni ma ba da wayo aka haife ni ba. Motata ta farko, kana ƙarami ba za ka tuna ba, omo nake zubawa a bokiti ɗaya in samo tsohuwar singileti in wanke taya da ita in dawo kan ƙofa da ita, da rana tsaka kuma, ina ganin ni ne mai tsafta. Kafin in ankara jar mota ta koma kalar bulo, ranar da zan sayar da ita mai saye ko injin bai buɗe ba ya fara rage kuɗi, injin kuwa lafiyarsa ƙalau. Abin ya daɗe yana cina.

To ga yadda nake so ka riƙa yi. Da farko kar ka wanke mota a rana ko lokacin da jikinta ke da zafi, ka taɓa da bayan hannunka in ka ji ɗumi sosai ka bari ta huce, da sassafe ko yamma liƙis ko ƙarƙashin rumfa ya fi. Dalili kuwa ruwa na bushewa da sauri a ƙarfe mai zafi ya bar gishirin da ke cikinsa, su kalsiyam da maganiziyam, shi ne farin tabon nan zagaye zagaye da ke ƙin fita, ruwan rijiya da na burtsatse sun fi yin haka. Kafin hannunka ya taɓa motar ka sa tiyo ka kwarara mata ruwa daga sama har ƙasa, ruwan ya tafi da yashin da zai iya tafiya da shi, wannan kaɗai ya rage ɓarna sosai.

Sai bokiti biyu, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne. Ɗaya na ruwan kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma tawul a kumfa ka wanke ɓangare ɗaya, kafin ka koma kumfar sai ka fara ɗauraye shi a ruwa zallan ka matse, dattin ya zauna can. In ka gama ka leƙa gindin bokitin ɗaurayar ka ga yashin da ya kwanta, da bokiti ɗaya kake yi da duk wannan a jikin motar zai ƙare. Ka fara daga rufi ka sauko, gilas, bonet, but, ƙofofi, ƙasan ƙofa da bamba su ne ƙarshe don can datti ya fi yawa, kuma ka riƙa jan hannu a miƙe ba kana zagaye zagaye kana dannawa kamar mai cuɗa ba, nauyin tawul ɗin da kumfar sun isa. Taya da wil a ware musu nasu soso da nasu bokiti, baƙar ƙurar da ke manne a wil garin ƙarfe ne da ke fita daga birki, ba abin da za a kai kusa da fenti ba ne. Tawul ɗin kuma ka nemi na maikurofaiba, gashinsa na ɗauke yashi ya shige da shi ciki maimakon ya ja shi a kan fenti, in ya faɗi ƙasa kuwa shi ke nan ya gama aikin ranar sai an wanke shi.

Sabulu dan Allah ka sayi na wankin mota. Omo da sabulun wanke kwanoni an yi su ne don su cinye maiƙo, to kakin sheƙi, wato wakis, da za ka sha wahalar shafa wa motar shi ma dangin maiƙo ne, wanki kaɗan sun tafi da shi, ga omo wani lokaci ba ya narkewa duka sai ƙwayoyinsa su zama wani yashin. In ka ɗauraye kar ka bar ta ta bushe da kanta, ka sa wani tawul mai tsabta daban ka shimfiɗa ka ja a hankali ya tsotse ruwan. Ranar da ba ka da ruwa ko ba ka da lokaci ka ƙyale ta da ƙurarta ka goge gilas kawai ka tafi aiki, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abu ɗaya ne ba ya jira, kashin tsuntsu. Yana da asid a ciki, kuma in rana ta buga fentin na yin laushi ya buɗe, da dare ya huce ya tsuke a kewayen kashin, sai ka wanke ka ga shatinsa ya zauna daram. Ka ajiye gorar ruwa da ɗan tawul a but, in ka gani ka jiƙa ka ɗora a kai minti kaɗan ya yi laushi sannan ka ɗauke, kar ka kankare da farce. Haka ƙaron bishiya, haka ƙwarin da ke mutuwa a gaban mota in an yi tafiyar dare, haka fetur in ya zubo gefen tanki. Man birki kuwa shi ne mugun, in ya ɗiga a fenti ka kwarara ruwa nan take don yana cinye shi.

Yanzu maganar sheƙi, mutane da yawa na haɗa folish da wakis su ce abu ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. Folish ci yake, yana kankare kiliyar kaɗan don ya daidaita ta da ƙananan karcen su ɓace, wakis kuwa ƙari ne, kaki ne da ke hawa sama ya zama shi ruwa da datti ke fara samu. Don haka folish ba abin kowane wata ba ne, sau ɗaya a shekara ma in da buƙata, kuma kar ka bar kowa ya ɗora maka injin gogewa sai wanda ka ga aikinsa da idonka, kar garin gyaran gira a rasa ido, gefen bonet da kan layukan ƙofa fentin ya fi siranta kuma nan injin ke fara ƙonawa. Kafin ka shafa wakis ka sa hannu cikin leda ka shafa jikin motar bayan wanki, in ka ji gurzi gurzi akwai abin da ya manne wanda ruwa bai cire ba, akwai wani abu kamar yumɓu da ake sayarwa don haka, ana fesa ruwan kumfa a riƙa jansa a hankali har wurin ya yi santsi.

Shi wakis na asali ana samo shi ne daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil, sunanta karnuba, ganyen ke fitar da kakin don kar rana ta ƙafe masa ruwa, kuma sai zafi ya wuce digiri 80 yake narkewa shi ya sa yake jure jikin mota. Yana ba da sheƙi mai kyau amma wata biyu zuwa uku ya tafi. Wanda ake haɗawa a masana'anta ya kan kai wata shida, akwai kuma na siramik da ke yin shekaru amma wannan shafa shi na son gwani, kar ka fara da shi. Wajen shafawa ka sa kaɗan kaɗan, yawa ba ya ƙara komai sai wahalar gogewa, ka yi ƙofa ɗaya ka bari ya yi hazo hazo, ka ja yatsa a kai in wurin ya fito tas to ya yi sai ka goge da tawul mai laushi. Ka kiyaye baƙar robar gefe don yana barin farin tabo a kanta mai wuyar fita. Yadda za ka gane lokacin sakewa ya yi, ka watsa ruwa a bonet, in ya dunƙule ƙwaya ƙwaya yana gangarewa da saura, in ya baje ya kwanta to ya ƙare.

Na ga wani ɗan ƙwarzane a ƙofar baya ta hagu. Ka ja farce a kai, in farcen bai maƙale ba to ƙwarzanen a kiliya ya tsaya, folish zai ɓatar da shi, in ya maƙale ko kana hango ƙarfe to ka duba lambar kalar motar, yawanci tana kan wata takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet, a haɗo maka ɗan fenti ka ɗiga kafin tsatsa ta shiga. In kuma har ta kai an fesa sabon fenti kar ka sa wakis a wurin sai ya yi wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa, ka tambayi wanda ya fesa. Rigar mota ma da na ji kana cewa za ka saya, a kan wankakkiyar mota kawai ake sa ta, in da ƙura a ƙasa iska na kaɗa ta ita ma tsumman nan ne ya dawo.

In za ka zo wata mai zuwa kar ka wanke ta, ka zo da ita haka mu yi tare, ina da bokiti biyu da ragowar wakis a gwangwani. Ka shafa min kan yaran.

Babanka