Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Zaɓe Na INEC A Jihar Zamfara

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga Tudun Wada a nan Gusau, a kan wata magana da ake yawan jifan unguwannin birni da ita: wai mutanenmu ba sa fita zaɓe, kuma 'yan kaɗan ɗin da ke fita an riga an san inda za su dangwala.

Maganar dangwala dai ba ta da tushe. Bazamfare ba ya bin tuta ido rufe. A ranar 25 ga Fabrairun 2023 jihar nan ta ba Bola Tinubu na APC rinjaye, bayan makonni uku kacal, a ranar 18 ga Maris, ta juya ta kayar da gwamna mai ci Bello Matawalle, ta zaɓi Dauda Lawal a ƙarƙashin PDP. A layinmu gida ɗaya za ka tarar uba ɗan tsintsiya, ɗa ɗan lema, uwa kuma ta ce ita mutum take dubawa. Har yau a majalisar mai shayi ana tuna 2019, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC baki ɗaya saboda rashin sahihin zaɓen fidda gwani, kuma akwai dattawan da tun daga ranar suke cewa alƙali ne ke zaɓe, su me zai kai su shan rana. Wannan ciwo na 'yan siyasa ne, su za su yi maganinsa.

Ƙarancin fitowa kuwa gaskiya ne, kuma ƙasar ce baki ɗaya: cikin mutum sama da miliyan 93 da ke da rajista a lokacin, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa a 2023 ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Sai dai namu yana da wani dalili na daban, kuma maganinsa yana kan teburinka.

Ranka ya daɗe, Gusau ta cika maƙil da baƙi. 'Yan bindiga sun taso mutane daga ƙauyukan Maru, Tsafe, Anka, Zurmi, har da yankin Magami da Wanke na cikin ƙaramar hukumarmu. Yawancinsu ba a sansani suke ba. Suna cikin kangaye, da zaurukan 'yan'uwa, da ɗakunan haya a Damba, Tsunami, Mareri da nan Tudun Wada. Akwai wata baiwar Allah mai tuyar awara a bakin layinmu, katinta na zaɓe yana ƙulle a leda cikin lalitarta, tare da katin asibitin yaranta. Katin lafiyarsa lau, amma sunan rumfar ƙauyensu ne a jiki, ƙauyen da ko suna aka yi ba ta iya zuwa. Ranar zaɓe tana zaune tana kallon layi ya miƙe a makarantar firamare, taku kaɗan daga kaskonta, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da ke wurin ba ta san da ita ba. Irinta suna da yawa ƙwarai. A ƙauye an lissafa su cikin waɗanda ba su fito ba, a birni kuma babu sunansu, alhali su ne suka fi kowa buƙatar a ji ra'ayinsu a kan wanda zai riƙe tsaron jihar nan.

Na san hukumarku tana da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira tun 2015 da aka fara shi a Arewa maso Gabas. Na kuma san doka ta ba mutum damar neman a mayar da rajistarsa inda yake zaune, kuma takardar neman a wurinka take ƙarewa. To amma wa ya gaya wa mai awara? Aka ce ana iya farawa ta intanet. Matar da ƙaramar waya ma ta aro ce, ina ita ina intanet?

Roƙona shi ne a duk lokacin da rajista take buɗe, a fito da na'urorin rajistar daga ofis a zagaya da su mazaɓu da unguwanni, a sa rana, a sanar a rediyo da masallatan Juma'a da Hausar da kowa zai gane. Masu unguwanni sun san gidan da baƙi suka sauka, a yi aiki da su. A ware wa mata layinsu da ma'aikata mata, domin da yawa cikinsu zawarawa ne da aka kashe wa maza, ba za su iya turereniya da samari ba. Wanda katinsa ya ƙone tare da gidansa a sauƙaƙa masa samun wani. Katunan da suka fito kuma a kawo su matakin mazaɓa da wuri, kada a bari sai zaɓe ya ƙarato.

Akwai kuma batun sababbin rumfunan da aka ƙara a 2021, lokacin da adadinsu a ƙasa ya kai 176,846. Unguwannin bayan gari sun yi faɗi sosai tun daga lokacin. A liƙa sunayen masu zaɓe a kowace rumfa tun da sauran lokaci, kowa ya je ya ga inda sunansa ya faɗa.

Idan ofishinka ya sa rana, mu a Tudun Wada za mu ba da rumfa da kujeru, matasanmu kuma za su bi gida-gida su sanar. Allah ya yi maka jagora, ya ba Zamfara zaman lafiya.

Wassalam,
Wani mazaunin Tudun Wada, Gusau