A bar mana maɓallin komawa baya a wayoyinmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da kamfanonin waya ke yi mana a hankali ba tare da an tambaye mu ba, wato cire maɓallan nan uku na ƙasan allo a ce sai dai shafa. Ka ja yatsa daga ƙasa zuwa sama ka fita, ka ja daga gefe ka koma baya, ka ja sama ka ɗan tsaya ka ga manhajojin da ke buɗe. Ni dai ba ƙin abun nake ba, da shi nake aiki kuma hannuna ya saba. Damuwata ita ce maɓalli kana ganinsa da idonka, ita kuwa shafa a ɓoye take, in ba wani ne ya nuna maka ba to wallahi sai ka shekara da waya baka san tana yin wani abun ba. Kamar a gina maka ɗaki babu ƙofa ne a ce ai bangon yana buɗewa in ka san inda ake turawa.

Shi allon taɓawa ai ya daɗe, tun 1965 wani injiniya a Ingila mai suna E. A. Johnson ya bayyana irin wanda ke jin yatsa. A 2005 Apple ya sayi wani ƙaramin kamfani FingerWorks da ya ƙware kan gane motsin yatsu da yawa a lokaci ɗaya, sai a Janairun 2007 Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya tsaya gaban jama'a ya ware yatsu biyu a kan iPhone hoto ya girma. Wannan kam kowa ya gane ta nan take, har yaron da bai fara magana ba yana yi, saboda abun yana bin hannunka, ka ja shafi ya biyo ka. Kuma ko a lokacin akwai maɓalli guda ɗaya a ƙasa, duk inda ka ɓata ka danna shi ka dawo farko. Shi ne aka cire a iPhone X a 2017, Google ma ya kawo cikakkiyar shafa a Android 10 a 2019. Wayoyin Palm Pre na 2009 da Nokia N9 na 2011 duk sun riga su gwadawa, sai dai ba su yi tsawon rai a kasuwa ba.

Abun da mutane da yawa basu lura da shi ba, allon fa bai san nufinka ba. A ƙarƙashin gilashin akwai wasu siraran layuka masu ɗauke da ɗan caji, yatsanka na taɓawa sai cajin wurin ya canza, shi ya sa in hannunka da ruwa ko ka sa safar hannu wayar take rikicewa. Daga nan manhajar ce ke yin hasashe, ta duba ina yatsan ya sauka, ya daɗe ko bai daɗe ba, ya matsa ko bai matsa ba, da wane sauri. In ka ɗaga da wuri ta ce taɓawa ce, in ka kai wajen rabin daƙiƙa ta ce dogon danni ne, in ka ɗan goce ta ce ja kake yi. To wannan ma'aunin da hannun matashi mai lafiya aka yi shi.

Na zauna kusa da mahaifina ina kallon yatsansa a kan sabuwar wayarsa. Shi danna abu yake yi da ƙarfi ya riƙe, yadda ya saba da wayar maɓalli, kuma hannun yana ɗan rawa, to kafin ya ɗaga wayar ta riga ta yanke hukunci cewa so yake ya matsar da alamar manhajar, sai ka ga ta taso tana bin yatsansa ko kuma wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a goge. In ya shiga saƙo kuma bai san hanyar fita ba sai ya kashe allon ya sake kunnawa ya tarar yana nan inda ya bari. Cewa yake wayar nan bata jin magana. Da na shiga saiti na dawo masa da maɓallan uku shikenan magana ta ƙare, bai ƙara nemana kan wannan ba. Mutumin da ya yi shekaru yana aiki da waya lafiya lau, rana ɗaya an mayar da shi ɗan koyo har yara na masa dariya.

Mu ma da muka iya ɗin ai muna shan namu. Kana gyara hoto ka kama gefensa za ka rage, wayar ta ɗauka komawa baya kake so ta fitar da kai aikin ya tashi a banza. Lokacin da Android 10 ya fito wannan jan gefen ya yi karo da jerin zaɓin da manhajoji da yawa ke ɓoyewa a gefen hagu, motsi ɗaya aiki biyu. Ga kondon waya mai kaurin baki da ke tare yatsa. Microsoft ma ya taɓa yin irin haka a Windows 8 a 2012, ya ɓoye muhimman abubuwa a gefen allo har mutane suka riƙa neman inda ake kashe kwamfuta, zuwa Windows 10 a 2015 dole ya janye. A mota kuwa abun ya wuce wasa, hukumar Euro NCAP mai auna lafiyar motoci a Turai ta ce daga 2026 motar da ke son cikakken maki sai ta samu maɓallai na zahiri na abubuwa irin su hon da sigina da waifa. Su kuma na kaɗa hannu a iska ba tare da an taɓa ba, irin na wayar Galaxy S4 ta Samsung a 2013 da Pixel 4 ta Google a 2019, burga ce kawai a ganina, shi kansa Google bai saka shi a Pixel 5 ba.

Amma fa in za a yi adalci akwai inda shafa ta yi rana sosai, wajen makafi. Da VoiceOver a iPhone da TalkBack a Android mutum yana ja dama wayar ta karanta masa abu na gaba, ya taɓa sau biyu ko'ina a allon ta buɗe. Kuma ka lura, shi TalkBack zaunar da mutum yake ya koya masa motsin ɗaya bayan ɗaya. Kenan an san shafa sai da koyarwa, to me ya hana a yi wa kowa haka yadda ya kamata?

Sai kuma jan kunne ga masu sauke manhajojin da ke alkawarin ƙara maka shafa, wai ka zana harafi a allo kyamara ta buɗe. Yawancinsu ba sa aiki sai ka ba su izinin nan da aka tanada don taimakon masu buƙata ta musamman, kuma wanda ka ba wannan izinin yana iya karanta abun da ke kan allonka har ya danna a madadinka. Ɓarayin asusun banki sun daɗe suna bi ta wannan hanyar. In baka san wanda ya yi manhajar ba kar ka ba ta.

Roƙona ga masu ƙera waya shi ne su bar zaɓin maɓallan nan, kuma su riƙa tambayar mutum tun ranar da ya kunna wayar wanne yake so, kar a binne shi can cikin saiti. Ku kuma Malam Edita da za ku ware shafi guda da hotuna ku nuna motsin nan da Hausa da kun taimaki jama'a. Kafin nan, duk wanda ya saya wa iyayensa Android ya shiga saiti ya nemi wajen da ake zaɓar yadda ake zirga-zirga a wayar, a Samsung yana ƙarƙashin saitin allo, ya tambaye su wanda suka fi so kafin ya miƙa musu.

Na gode.

Mai karanta jaridarku a kullum