Ƙwaƙwalwa Ba Buhu Ba Ce

Ya Edita,

Ina neman fili in ja hankalin 'yan'uwana malamai kan koyar da yara da harshen uwa. A 1932 Frederic Bartlett, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Kambirij, ya wallafa wani gwaji: ya ba Turawan Ingila tatsuniyar 'yan asalin Amurka mai zancen kwalekwale da fatalwa, daga baya ya ce su maimaita. Kowa ya gyara ta daidai da al'adarsa. Kwalekwale ya koma jirgin ruwa irin nasu, batun fatalwa kuwa wasu suka watsar, wasu suka laluba masa dalili. Ba ƙarya suka shara ba. Ƙwaƙwalwa ce ke ɗinke sabon abu da zaren da ta saba.

Na gani da idona a aji. Wata yarinya ta haddace darasin tururi tiryan-tiryan da baƙon harshe, amma da na tambaye ta ina ruwan rigar da aka shanya ya tafi, sai ta yi tsuru-tsuru. Da na mayar da darasin labarin ɗigon ruwan da rana ta ɗauke, cikin harshenta, ita ta ƙarasa mini shi.

Tun 1953 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da shawarar a fara koyar da yara da harshen uwa. Me muke jira?

Naka,
Wani malamin firamare