Ƙulli a mama: a san mene ne kafin a kai ga wuƙa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan ɓangaren tiyata ne a nan Kano, muna roƙon ɗan fili a jaridarka don mu yi magana da iyayenmu mata da mazajensu a kan ƙullin da ke fitowa a mama.

Mafi yawan irin wannan ƙulli ba ciwon daji ba ne. A wajen 'yan mata da masu ƙasa da shekara 35, galibi wani ƙari ne mai santsi, ba ya ciwo, yana zillewa in an taɓa shi. Wani kuma ruwa ne ya taru, sirinji kawai zai zuƙe shi. Mai shayarwa kan yi ƙurji mai mugunya. Amma hannu kaɗai ba ya rarrabe su, ko da na babban likita ne. Abu uku ake haɗawa: likita ya duba maman da hammata, a yi hoto (sikanin ga mai ƙuruciya, mamogiram ga wadda ta kai 40), sannan a kashe wurin a sa allura a ɗebo ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji. A fara daga manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, inda akwai likitocin tiyata.

Mun san abin da ake faɗa a gari, wai daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi sai ya bazu. Ba haka ba ne. Abin da ke sa shi bazuwa shi ne watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da turare, ko a kai wa wanzami ya yi sakiya, har ya fashe ya zama gyambo.

In gwaji ya nuna ƙarin ba mugu ba ne, ba dole a yanka ba. Ana iya barinsa a sake hoto bayan wata 6. Ana cirewa in ya kai wajen santimita 3, ko yana girma, ko ya hana mai shi sukuni, kuma sau da yawa a ranar ake komawa gida. In kuwa daji ne, hanya biyu ce: a cire ƙarin da ɗan naman da ke kewaye da shi, ko a cire maman gaba ɗaya. Ta farko tana tafiya ne da gashi na na'ura bayan aiki, don haka kafin a zaɓe ta a tambayi inda za a yi gashin da abin da zai ci. Wani lokaci likita zai ce sai an fara da ƙarin ruwan magani, wato kemo, don ƙarin ya motse. Wannan ba ja da rai ba ne, tsarin maganin ke nan.

Ga inda aka fi yin asara. Duk abin da aka ciro, komai ƙanƙantarsa, dole a sa shi a ruwan fomalin, mai hana nama ruɓewa, nan take a kai gwaji. Kada a karɓo shi a leda a je a binne. In aka binne, an binne amsar: ba za a san ko an kwashe shi duka ba, ba kuma za a san ko irin wanda ke jin ƙwaya kamar tamozifen ba ne. Wurin da ya ce zai cire ƙulli amma bai ambaci gwaji ba, a nemi wani.

Kafin aiki a gaya wa likita in akwai ciwon suga, hawan jini ko juna biyu, da duk maganin da ake sha, har na gargajiya da asfirin, domin wasu na hana jini tsayawa. In za a yi allurar barci, a daina cin abinci awa 6 kafin lokacin.

Bayan babban aiki akan bar 'yar roba tana janyo ruwa zuwa gora. Mai jinya ta riƙa auna ruwan kullum tana rubutawa. In ya sauko zuwa wajen mililita 30 a yini da kwana, lokacin cirewa ya yi. Ko bayan an cire, ruwa kan sake taruwa a ƙarƙashin fata saboda gurbin da aka bari, a koma a zuƙe shi, kada a matse a gida. Amma kumburi mai tauri da ya taso cikin 'yan awanni jini ne ke zuba a ciki. Shi da zazzaɓi, da ja da zafi a bakin ɗinki, da mugunya, ba a kwana da su. Kada a shafa toka, man shanu ko garin magani, kuma ba a gasa wurin da ruwan zafi irin na jego.

Hannun ɓangaren da aka yi wa aiki kada a naɗe shi a ƙirji don tsoro, kafaɗa za ta sandare. Daga washegari a fara motsa yatsu, gwiwar hannu da kafaɗa a hankali, in an cire roba a riƙa tafiya da yatsu a jikin bango ana ƙara sama kaɗan-kaɗan. Daka, jan guga da ɗaukar jarka su dakata mako 4 zuwa 6. A nan maigida da dangi ne za su ɗauke mata. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata ta kiyaye wannan hannun daga yanka da ƙuna, in ta ga ya fara nauyi ko awarwaro ya matse ta dawo da wuri. Ƙwai, wake, kifi da nama ba sa kawo mugunya, su ne ma ke haɗa ɗinki.

Warkewar ɗinki ba ita ce sallama ba. Ranar da aka ba da ta karɓar sakamakon gwaji a je, a kuma riƙe kwafin takardar, domin duk likitan da zai ci gaba da duba ta ita zai fara tambaya.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan jinya da tiyata,
Kano.