A sasanta mu tukuna, kafin a yi mana maganar jari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini rai. Ni baduku ne, a Kasuwar Kurmi ta birnin Kano nake zama. A dukanci na tashi, da shi na yi aure, da shi nake ciyar da iyalina.

Duk sanda aka tashi zancen sana'ar hannu, a jarida ko a rediyo, abu biyu ake faɗa: babu jari, kuma kayan waje sun cika kasuwa. Duka gaskiya ne. Amma akwai abu na uku da mu masu sana'ar muka sani sarai, muke jin nauyin faɗarsa a bainar jama'a, shi ne gaba. Ka zaga layukan Kurmi, ko na dukawa, ko na masu hula, ko na masu ƙwarya da faifai, za ka tarar da mutum biyu rumfarsu na jingine da juna, a hannun maigida ɗaya suka koyi aiki, amma sallama ba ta haɗa su. Na rantse maka, Malam Edita, abin da wannan gaba take ci daga aljihunmu ya fi abin da takalmin roba yake ci.

Bari mai karatu ya san irin wahalar da ke cikin takalmi ƙafa ɗaya. Fatar akuya daga hannun mahauci take zuwa wa majemi. Shi zai jiƙa ta da toka har gashin ya saki, ya kankare, ya wanke, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa ta jimu, ya shafe ta da mai, ya shanya. Sannan ta iso gare mu. Mu rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau, ko da yake yanzu yawancinmu mun koma galura saboda sauƙi. A auna, a yanka da aska, a huda, a ɗinke, a yi ado. Jar akuyar Sakkwato ita ce fatar da aka riƙa haura Sahara da ita har ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, alhali daga ƙasarmu ta fito. Kasuwar da nake zaune a cikinta Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta labarin takalman Kano da yadda fatake ke kai su nesa. Aikin da ke da wannan asali shi ne yau muke sayarwa kamar muna neman kai da shi.

Shekarun nan kuma ba su raga mana ba. Tun bayan harin bama-baman da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 ƙafar baƙi masu yawon buɗe ido ta ɗauke daga Kurmi, su ne kuwa masu sayen tumtum da jaka da alabe ba tare da dogon ciniki ba. A 2020 aka yi kullen korona. Fata mai kyau kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa ke kwashewa, ta saniya kuma ta tafi tukunyar ganda. Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da mutum zai yini a layin banki ya dawo hannu rabbana. A wannan lokaci ne abin da zan ba ka labari ya same ni.

Ina da amini. Tare aka kai mu gaban maigida ɗaya muna yara, tare muka ci tuwon gidansa, tare ya yaye mu. Da muka kama kanmu sai muka haɗa rumfa da jari, ba takarda ba shaida. Ni hannuna ya fi faɗawa a yanka da rini, shi kuwa a ɗinki da ado ban ga na biyunsa ba. Da aka haifa masa ɗan fari, sunana ya sa masa. 'Ya'yansa Baffa suke ce mini, nawa ma haka suke ce masa.

Akwai wani ɗan kayi-nayi da ke karɓar kayanmu yana kai wa masu shaguna a Abuja da Legas. Ya ɗauki kaya masu yawa bashi, ya kawo rabin kuɗi, saura ya ce sai ya dawo. Da aka shiga wahalar takardun kuɗi, ya same ni ni kaɗai ya ce ai ya tura cikon ta asusun abokina. Ya sami abokina shi kaɗai ya ce ai ya damƙa mini cikon a hannu, tsabar kuɗi. A lokacin kowa ya san tura kuɗi ta waya na maƙalewa, kowa kuma ya san mai tsaba a hannu sarki ne, don haka kowace magana ta yi kama da gaskiya. Na zauna ina jiran abokina ya ce ga kuɗi sun shigo. Shi ma ya zauna yana jirana.

A nan nake so masu karatu su tsaya su duba, domin ba mu kaɗai abin ke samu ba. Bahaushe yana da kara, kuma kara abu ce mai kyau, ita ke riƙe da zumunci. Amma kara ta hana ka duban idon amininka ka ce masa, "Malam, kuɗin nan fa?" Tambayar kanta a wurinmu zargi ce. To sai a yi shiru, zuciya kuma ba ta yin shiru. Gaisuwa ta fara gajarcewa. Kwanon abincin rana da muke haɗawa ya rabu. Wata safiya aka kira kafinta ya raba rumfar da falanki, muka kasa fatu da kayan aiki gida biyu, har almakashi, ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya ambaci kuɗin.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan kayi-nayin nan bai gudu ba, ciniki ma ya ƙara buɗe masa. Ya zo wurina ya taya, in ce albarka, ya ce ai maƙwabcinka ya sallama a ƙasa da haka. Ba ni da bakin tambaya, sai in rage. Ya zaga bayan falanki ya faɗa masa irin wannan magana a kaina, shi ma ya rage. Kusan shekara guda muna haka, fata na tashi, zare na tashi, kuɗin mota ya ninka bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, farashinmu kuwa ƙasa yake yi. Kayan ma suka lalace. Takalmina yankansa daidai amma adonsa ba armashi, nasa ado kamar a sace amma rinin na zuba. Tsofaffin masu sayenmu suka fara cewa hannunmu ya canja. Abin da ya fi ƙona mini rai a duk tsawon lokacin shi ne takwarana. Yaron zai faki idon babansa ya leƙo ya ce, "Baffa, ina kwana," ya ruga.

Maigidanmu ne ya kashe wutar. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya daina fitowa kasuwa, amma labari ya kai masa. Ana saura kwanaki a fara azumi ya aiko a kira mu zaurensa bayan la'asar. Muka tarar ya ajiye limamin unguwa da wani majemi da dukanmu muke sayen fata a wurinsa. Na zaci wa'azi za a fara. Baba bai yi wa'azi ba. Cewa ya yi, "Ku yaran nan, kuɗin da ake magana, a hannun wa ya shiga?" Na ce an gaya mini ta asusunsa aka tura. Abokina ya ɗago kai a firgice ya ce, "Baba, ni ce mini aka yi shi aka ba wa a hannu." Aka aiki ɗansa ya buɗe bayanin asusun a waya, aka bi watannin ɗaya bayan ɗaya a gaban liman, babu ko sisi daga mutumin. Baba ya sake tambaya, "Nawa kake sayar masa da takalmi? Kai fa?" Muka faɗa. Majemin ya lissafa kuɗin fata, aka ɗora na zare da rini da gam, sai ga shi ladan hannunmu bai kai na ɗan dako ba. Bayan an gama wannan ne liman ya tuna mana hadisin da kowa ya haddace tun yana Islamiyya, cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, da wanda ya ce ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis a gafarta wa bayi, ban da mutum biyu masu gaba, a ce a jinkirta musu har su shirya.

Na daɗe ina tunanin hikimar tsohon nan. Da nasiha aka fara, da mun ba juna hannu don kunyar manya, kowa ya tashi da zarginsa a ciki. Na ga irin wannan sulhu da yawa a kasuwa, ana yin sa ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ya warware. Rigimar da kuɗi ya haddasa sai an baje lissafi a fili take mutuwa.

Kada kuma a ɗauka daga zauren muka fito muna dariya. Mun fito kowa kansa a ƙasa. Matanmu ne suka riga mu, ranar da aka kai azumin fari sai ga kunun tsamiya da ƙosai daga gidansa, uwargidana ta mayar da kwanon da dabino. Abin da ya ƙarasa gyaran aiki ne. Wani mai doki ya kawo aikin kamazuru da majayi da kwalliyar sirdi na hawan salla, lokaci ya ƙure, aikin kuma ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Na yanka na rina, na miƙa masa ta saman falanki, ya karɓa ya hau ɗinki. Kafin salla muka sa aka cire falankin. Kuɗin da aka cinye ba su dawo ba, mun raba asarar biyu. Mutumin kuwa yana nan yana yawo a wasu layukan, kuma na tabbata yana samun masu gabar da zai ci da su.

Yanzu muna da littafi. Duk kayan da ya fita bashi a rubuce yake, da sunan mai ɗauka da ranar biya, kuma kuɗi ba ya shiga hannun ɗayanmu sai an rubuta ɗayan ya gani. Da farko abin ya yi mana nauyi, kamar rashin yarda ne. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma Allah Ya fi mu sanin zukatan aminai. Mun kuma zauna da wasu maƙwabtanmu na layi mun yanke farashin da ba wanda zai sauka ƙasa da shi. Ba mu kori dillalai ba, dillali na gari yana da amfani, yana kai kaya inda ƙafarmu ba ta zuwa, sai dai la'adarsa a bayyane take. Takwarana shi ke ɗaukar hoton kaya yana sawa a WhatsApp, ana samun masu saye daga Kaduna da Abuja jefi-jefi, duk da cewa har gobe wanda ya zo ya taɓa fata ya shinshina ƙamshin bagaruwa shi ne ke biya da daɗin rai.

Kirana na farko ga sarakunan sana'a ne da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa. Aikinku bai tsaya a karɓar kuɗin ƙungiya da rakiyar 'yan siyasa ba. Kun san duk masu gaba a layinku. Ku sa rana, ko sau ɗaya a wata, ku kira su, ku fara da lissafi kafin nasiha. Hukumar Hisba tana sasanta ma'aurata da 'yan'uwa, amma ɗan kasuwa ba zai kai amininsa gaban hukuma ba, ya gwammace ya haɗiye. Dattijon da ya san kuɗin fata da na zare shi ne zai iya wannan shari'a.

Na biyu ga masu rabon tallafi, na gwamnati da na ƙungiyoyi. Kullum sharaɗinku shi ne mu haɗu mu yi ƙungiya kafin a ba mu jari. Mutane sukan haɗa sunaye a takarda don kuɗin su fito, alhali rabinsu ba sa ga maciji da juna, kuɗi na shigowa a rabe, a ƙara sabuwar gaba a kan tsohuwa. Ku riƙa tambaya ko masu sunayen nan suna aiki tare da gaske, ku koya musu riƙe littafi. A watan Disambar 2024 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattalinsu, mun yi murna ƙwarai, sai dai ba a yi hawan ba a babbar sallar 2024 da ƙaramar sallar 2025, kuma dukawa da masu kayan doki su suka fi kowa jin wannan a jikinsu. Wanda kasuwarsa ta ƙuntata haka ba shi da sararin yin gasar karya farashi da ɗan'uwansa.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙonka ka turo wakilinku Kurmi. Kada ya tsaya a bakin masu shagunan gaba, ya shigo ciki inda ake yanka da ɗinki, ya tambayi masu aikin nawa suke samu a takalmi ɗaya, sannan ya je ya tambayi kuɗinsa a shagunan Abuja, ku buga duka biyun mutane su gani. In ya zo, ya nemi layin dukawa, za mu zaga da shi har wurin majema.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka. Wassalam.

Naku,
Wani baduku,
Kasuwar Kurmi, Kano.