Don Allah ku daina katse masu kira

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya iyali.

Ranar Asabar ina cikin tasi daga Kubwa zuwa kasuwar Wuse direba ya kunna shirinku, sai wani bawan Allah ya kira ya ce wai mace ba ta da kan lissafi kuma mulki ba nata ba ne, bai ma rufe baki ba mai gabatarwa ta katse layin ta ce ba a irin wannan magana a gidan nan. Direba ya kwashe da dariya ya waigo ya ce min "kin ji ko Hajiya, gaskiya ce ta yi musu ɗaci." Wallahi katsewar ta fi maganar mutumin ƙona min rai, don kun mayar da shi gwarzo a banza, motar gaba ɗaya ta koma bayansa.

Ni malamar lissafi ce a sakandare. Da kun bar shi ya gama da na kira na tambaye shi wa ke riƙe adashi a unguwarsu, uwar adashi mai zubin mutum talatin ba kalkuleta ba littafi, ta san wanda ya zuba da wanda ya tsallake da ranar kwasar kowa, sisi ba ya ɓata. Sannan ya laluba aljihu ya ciro naira 20 ya juya bayanta ya ga hoton Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane, 'yar nan yankin Abuja. Gambo Sawaba kuwa ta sha ɗauri kan siyasa a zamanin jam'iyyar NEPU lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, sai 1976 aka ba mu.

Ni ban ce babu bambanci ba fa, buhun siminti dai ba na iya ɗauka, maigida ma bai iya goyo ba, in ya gwada sai yaron ya zame.

Masu daɗin baki su suka fi ba ni tsoro. Kowane taro "iyayenmu mata, iyayenmu mata", kalma ɗaya mara daɗi ba za ka ji daga bakinsu ba, amma a watan Maris na 2022 da aka zo gyaran tsarin mulki majalisa ta yi fatali da ƙudurori 5 da suka shafi mata har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Bayan zaɓen 2023 kuma cikin sanatoci 109 mata ba su wuce 4 ba. To wa ya fi cutar da mu, mai kiran nan da ya faɗi abin da ke ransa ko waɗannan?

Ku nemo shi ku dawo da shi shirin, ku ba shi minti biyar, ni ma ku ba ni biyar. In da hali ku sa da safe, direban nan ya ce kullum yana kunnawa.

Taku,
wata malama daga Kubwa