Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyar Mazauna Layinmu, Kubwa

Assalamu alaikum. Iyayenmu maza da mata, Shugaba, Malam Liman, masu gidaje da 'yan haya, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Ga bayanin abin da kwamitinku ya yi da amanar da kuka ɗora masa daga Janairu zuwa Disamba. Lissafin kuɗi, shiga da fita, yana cikin takardar Ma'aji tare da rasidai, don haka ba zan maimaita shi a nan ba.

Muna sake miƙa ta'aziyya ga gidajen da aka yi rashi a bana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya albarkaci abin da suka bari.

Ayyukan da muka saba yi duk an yi su. An yashe kwatoci kafin ruwan farko, shi ya sa bana ruwa bai kwanta a bakin masallaci ba. An ci gaba da biyan mai kwashe shara, an tara gudummawar gyaran taransfoma lokacin da ta lalace, an yi buɗa-baki na haɗin gwiwa a azumin da ya faɗo cikin Maris, an kuma yi wa masu gadi kayan Sallah da na Kirsimeti. Matan layi ne suka riƙe girkin buɗa-bakin daga farko har ƙarshe, Allah ya saka musu da alheri.

Maganar kyamarar get

Aikin da ya fi cin kuɗinmu da lokacinmu, har da haƙurinmu, shi ne na kyamara. Za ku tuna a farkon 2024, lokacin da garkuwa da mutane ta yi ƙamari a yankin Bwari, wanda Kubwa ke ƙarƙashinsa, muka toshe ƙarshen layi muka bar ƙofar mota ɗaya tal, muka ɗauki masu gadi biyu, muka ba su littafi su riƙa rubuta lambar duk baƙuwar mota. Da rana littafin yana aiki. Da dare kuwa, tocila a hannu ɗaya, biro a ɗaya, direba na danna hon, abin da ake rubutawa sai Allah. Shi ya sa babban taron bara ya amince a sayi kyamara.

A Janairu aka ɗaura kyamarorin a can ƙololuwar falwaya, kuma mu 'yan kwamiti ne muka zaɓi mai aikin da ya fi sauƙin kuɗi. Laifin namu ne, ba za mu ɗora wa kowa ba. Araha ba ta ado. Da rana hoto tangaran, kana ganin layi tun daga get har shagon mai wanki, kowa ya zo ya leƙa sai ya ce ma sha Allah.

Ba a yi wata biyu ba aka kwance batiran motoci a gidaje uku cikin dare ɗaya. Da safe muka taru a falon Shugaba, muna ta murna yau ɓarawo ya shiga hannu. Aka mayar da hoto baya. Ga mota nan ta shigo wajen ƙarfe uku saura, amma abin da muke gani dunƙulen haske biyu ne, a tsakaninsu, daidai inda lamba take, wani farin abu mai kusurwa huɗu kamar an manna takarda. Aka tsayar, aka ƙara girma, aka rage, babu ko harafi ɗaya. Falo ya yi tsit. Can sai Baba mai gadi, da ke tsugune a bakin ƙofa, ya ce wa Shugaba, "Ranka ya daɗe, ai ko ni da tocilata na fi wannan gani." Babu wanda ya iya yi masa musu.

Wanda ya fitar da mu kunya ɗan gidan ɗaya daga cikin mambobinmu ne, yaron da ya karanta injiniyan lantarki yake bautar ƙasa a nan Abuja. Bai karɓi ko sisi ba. Zan ɗan tsaya a kan abin da ya koya mana, domin na san akwai masu niyyar ɗaura tasu a ƙofar gida, kada su faɗa ramin da muka faɗa.

Abu na farko da ya ce shi ne kyamarar kallon layi daban, ta karanta lamba daban, kuma ɗaya ba ta iya aikin biyun. Mai faɗin ido tana raba ƙarfinta ne a kan titi da katanga da bishiya, sai lambar mota ta samu ɗan guntun rabo. Ta karanta lamba kuwa ana janyo idonta ne har ya zama faɗin ƙofar kawai take gani, ba ruwanta da komai sai wurin da gaban mota zai ratsa. Tsawon ma ya cuce mu. Mun kai ta sama don gudun masu jifa, ashe daga can a karkace take hango lambar. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kada karkatar ta wuce digiri 30, ko daga sama ko daga gefe. Dole muka sa mai walda ya haɗa mana gajeren ƙarfe da keji, muka sayo bututu a kasuwar Dei-Dei, aka ɗaura sabuwar kyamara ta karanta lamba kusa da tsayin mutum.

Shi kuma farin abin nan da muka gani, ga dalilinsa. Ana yin lambar mota ne da fenti mai mayar da haske inda ya fito, don direban baya ya gan ta da dare. Kyamarar dare tana da ƙananan fitilu masu hasken da idon mutum ba ya gani, su ne jajayen ɗigon da kuke hangowa a fuskarta. Hasken ya daki lambar, ya dawo gaba ɗaya cikin idon kyamara, ga fitilun mota sun ƙara nasu, sai komai ya wanke. Maganinsa a sa ta riƙa ƙifta ido da sauri. Yaron ya yi mana lissafi a bayan ambulan: motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin mita takwas da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya. In kyamara ta bar idonta a buɗe kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa, kamar yadda tamu ke yi da dare, motar ta matsa kusan santimita 28 kafin a gama ɗaukar hoto ɗaya, haruffa sun goge juna. In aka mayar da ita kashi ɗaya cikin 1000, abin da motar za ta matsa bai kai santimita ɗaya ba. To amma fa hoton dare zai koma baƙi ƙirin, ba abin da za ka gani sai lambar da ɗigon fitilu. Wasu mambobi da suka leƙa allon sun zo mana da ƙorafin cewa sabuwar ta lalace. Lafiyarta lau, haka ake son ta. Launin mota da fuskar direba aikin tsofaffin ne, shi ya sa ba mu cire su ba.

Tudun rage gudun da aka zuba a bakin get, wanda masu ƙananan motoci suka yi ta tsine mana a kansa, na cikin wannan aikin. A kansa aka saita idon kyamarar, domin nan ne kowa ke taka birki ko yana so ko ba ya so. Mun rage masa tsini bayan koken da kuka kawo.

Sauran abubuwan a hanya muka gano su. Babur a baya kawai yake da lamba, don haka sai da muka ƙara kyamara ta biyu mai kallon bayan duk abin da zai fita. Sannan lambobin ƙasar nan launi-launi ne: shuɗin rubutu na motar gida, ja na haya, kore na gwamnati. Mun lura jan rubutun nan na tasi da motocin ɗaukar kaya yana dusashewa a hasken dare na kyamara, sai da muka kafa farar fitilar sola a saitin tudun sannan ya fito. Manhajar da ke karanta lambar da kanta ma ba a sakar mata jiki, takan ɗauki 8 a matsayin B, ko sifiri a matsayin O. Mun koya wa masu gadi tsarin lambar, wato haruffa uku, alƙaluma uku, sai haruffa biyu, kuma haruffa ukun farko na nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista. BWR Bwari ce, GWA Gwagwalada, KUJ Kuje, KWL Kwali. Ni kaina da shekaruna a garin nan sai bana na san ABJ Abaji ake nufi, ba Abuja ba.

Wuta, ƙura da gizo-gizo

Ɓarawo ya fi son daren da aka ɗauke wuta, don haka tun watan Mayu kyamarorin da na'urar naɗar hoton suna kan sola da batir nasu na kansu. Muna roƙo a daina jona caja da fanka a wannan batirin. Sau biyu batir yana mutuwa kafin asuba saboda haka. Na'urar naɗar ba ta ɗakin gadi, domin wanda ya iya shigowa zai iya sungumarta ya tafi da shaida. Inda aka ajiye ta ya wuce mita 100 daga get, wanda shi ne iyakar abin da wayar da ke haɗa ta da kyamara ke ɗauka, sai da aka sa wata 'yar na'ura a tsakiya.

A tsakiyar damina tsawa ta ƙone mana kyamara ɗaya, sannan muka sa na'urar kariya muka binne ƙarfe a ƙasa, ihu bayan hari. Da hunturu ya shigo ƙura ta rufe gilashi. Amma babban abokin gabarmu gizo-gizo ne: ƙwari na taruwa a fuskar kyamara da dare, shi kuma ya zo ya shimfiɗa yanarsa, zare ɗaya ya isa ya haske hoto duka. Yanzu duk Juma'a da safe Baba yana bi da tsumma da doguwar tsintsiya. Akwai kuma agogon na'urar, wanda ya taɓa komawa baya da awanni ba mu sani ba. Hoton da lokacinsa ba daidai ba ne, ba inda zai kai ka a caji ofis. Ma'aji ne ke duba shi duk mako.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sau biyu muka buƙaci hoton da gaske tun bayan gyaran. Na farko, wata tankar ruwa ta ja da baya ta rushe gefen katangar wata Hajiya a tsakiyar layi, direban ya gudu. Lamba ta fito raɗau, muka kai wa 'yan sanda, aka samo mai motar, ya zo da kansa ya ba da haƙuri ya gyara. Na biyu, an ɗauke janareta a wani gida. Nan ma lamba ta fito, amma da aka bincika sai aka tarar ta wata mota ce daban, ba ma irin wadda ta shigo ba. Har yau janaretan bai dawo ba. Muna faɗar wannan ne don kada wani ya ga lamba a allo ya ce ya kama ɓarawo. Ana satar lamba, ana buga ta bogi, wasu ma rufe tasu suke yi. Ƙungiya ba ta da ikon gano mai mota, wannan aikin 'yan sanda ne da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda ke kula da lambobin. Namu mu miƙa hoto. In abu ya taso cikin dare a kira 112 da lambar caji ofis da ke manne a ɗakin gadi, kada kowa ya bi mota.

Wa ke da ikon kallo?

Wannan ce maganar da ta fi zafi a zaman kwamiti. An samu wanda ya zo yana son a duba masa ƙarfe nawa ɗansa ke dawowa gida. An samu mai son sanin motar wa ke tsayawa a ƙofar maƙwabcinsa. Akwai ma wata buƙatar da ba zan rubuta ba, mai ita ta san kanta. Duka mun ce a'a. Malam Liman ya tunatar da mu aya ta 12 a Suratul Hujurat, inda Allah ya hana bin diddigin sirrin juna, lauyan da ke cikinmu kuma ya ja hankalinmu ga dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ya ce hoton mutum da shige da ficensa ba abin wasa ba ne a idon doka.

Abin da muka tsayar ke nan: babu kyamarar da za ta kalli cikin gida ko tagar kowa, kuma mun juya guda ɗaya da ke leƙa tsakar gidan farko. Mutum uku ne ke da lambar sirri, ba a buɗewa sai biyu suna nan, kuma sai an kawo ƙorafi a rubuce. Hoto yana goge kansa bayan mako biyu, don haka wanda aka yi wa ɓarna ya yi magana da wuri. An kafa allo a get mai sanar da baƙi cewa ana ɗaukar hoto. Ba a yarda a tura hoton kowa a zauren WhatsApp na layi ba, ko da an tabbata shi ne.

Abin da ke gaban babban taro

Wasu mambobi sun kawo shawarar a sallami mai gadi ɗaya tunda an samu kyamara, a rage kuɗin wata. Ra'ayin kwamiti shi ne kada a yi. Kyamara ba ta rufe get, ba ta tambayar baƙo wurin wa ya zo, ba ta busa usur. Amma hukuncin naku ne, za a kaɗa ƙuri'a. Za kuma a tattauna ware wani abu duk wata don canza batir idan lokacinsa ya yi, da 'yar ƙofar masu tafiya a ƙasa ta bayan layi, wadda har yanzu ba ta da fitila.

Gidajen da ake bin su kuɗin wata, Ma'aji zai zagayo da kansa kafin taro, ba za a karanta sunan kowa ba a wannan karon. Taron zai kasance Asabar ta biyu a Janairu, bayan la'asar, a farfajiyar gidan Shugaba. Masu zuwa su taho da kujerunsu, na ƙungiya ba za su isa ba.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa